Daga Alajo Zuwa Suleja: Labarin Tsatsa Da Wuta

 Akwai wani abu wanda kowa ya raina, watau tsatsa. In ta kama adda sai a ce adda ta lalace, in ta taɓa farar riga sai mai wanki ya sha faɗa. Amma ita wannan tsatsar, in an niƙa ta an dama, aka zana ta a jikin yumɓu, aka haɗa ta da ruwan ƙyalli aka sa a wuta, ita ce ke zama adon tangaran irin wanda gidajen ajiye kayan tarihi na Ingila su ke kullewa cikin akwatin gilashi. Labarin yadda wannan sana'a ta shigo ƙasashenmu yana da zango uku, biyu a nan Gana, ɗaya a Nijeriya, kuma duk ukun suna bisa hanyar da fatakenmu ke bi daga Ankara zuwa Arewa. Mun bi hanyar tare da abokan tafiya biyu masu fataucin kwanuka, muka tsaya a kowane zango muka duba, ga kuwa abin da muka samo muku.

Kafin mu kama hanya bari mu daidaita kalmomi biyu. Ruwan ƙyalli shi ne abin da Turawa ke ce wa gilez, watau ɗan siririn gilashin nan da ke lulluɓe da faranti ko kofin shayi. Da garin dutse da toka da yumɓu a ke haɗa shi, a dama da ruwa kamar kunu, a tsoma tukunya a ciki, sa'an nan wuta ta narkar da shi ya manne. Tsatsa kuwa ƙarfe ne wanda ya sha iska. Ba a jikin adda kaɗai ta ke ba. Ita ce ta sa jar ƙasa ta yi ja, ita ce a cikin marmara, ita ce ƙurar nan da ke rina rawanin matafiyi a hanyar da ba kwalta. Mu masu tawada ma mun san ƙarfe ta wata fuska, gama tawadar takarda wadda a ke jiƙa bagaruwa da kashin maƙera ƙarfe ne ke baƙanta ta, haka kuma kulokon da dukawa ke rina fata.

ZANGO NA FARKO: ALAJO

Alajo ba baƙon wuri ba ne ga mutanen Nima da Mamobi da Kotobabi, tafiyar ƙafa ce. Yau gidaje ne cunkus da rumfunan makanikai, mai wucewa ba zai ce an taɓa hura wutar tangaran a nan ba. Amma a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen ruwa suka yi wuya, kwanuka da farantan Turai suka yanke, sai aka kafa ma'aikata a Alajo ƙarƙashin Kwalejin Achimota don a riƙa yin kayan yumɓu a gida, har da fale-falen rufin ɗaki. A shekarar 1942 aka kawo wani Bature maginin tukwane daga Ingila, sunansa Michael Cardew, aka danƙa masa aikin.

Mu malamai in an kawo mana mutum mu kan tambayi wurin wa ya yi karatu, shi kuma malaminsa wurin wa. To, ga salsalar wannan Bature. An haife shi a 1901, ya shiga koyon aiki a 1923 wurin Bernard Leach. Shi kuwa Leach a Japan ya koya, mutanen Japan kuma daga Sin da Koriya suka ɗauko. A ƙasar Sin tun zamanin daular Sung, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, sun gwanance da yin baƙaƙen kwanukan shayi masu ruwan ƙyalli na ƙarfe, da fararen tuluna waɗanda a ke zana wa furanni da tsatsa. Ashe abin da ya sauka a Alajo ilmi ne mai shekara wajen 1,000, ya biyo hannu zuwa hannu har ya iso ƙofar gidanmu.

Sai dai bai daɗe ba. Ma'aikatar ba ta mayar da kuɗin da aka zuba mata ba, yaƙi kuma ya zo ƙarshe, aka rufe ta a 1945. Abin da ya saura shi ne abin da ya shiga hannun samarin da suka yi aiki a wurin. Cikinsu akwai wani ɗan ƙasan nan mai suna Kofi Athey, ku riƙe sunansa, za mu sake gamuwa da shi a gaba.

ZANGO NA BIYU: BUME

Daga Ankara muka kama hanyar Tema da Aflao. Ba a cika mil 70 ba sai ga tukwane jere a bakin titi dama da hagu, randuna da tuluna da kaskon niƙan yaji da tukwanen shuka fure. Nan ne Bume, wanda a allon hanya a ke rubuta shi Vume, a gaɓar kogin Bolta, dab da gadar Sogakope. Gadar nan sai a 1967 aka gama ta, kafin nan a jirgin fito a ke haye da motoci. Mutanen garin da harshen Ewe su ke magana, ginin tukwane kuwa sana'ar matansu ce kaka da kakanni. Ba su da keken juya yumɓu, ita maginiyar ce ke kewaya tukunyar tana sunkuye, amma in ta gama sai ka ce da ma'auni aka zana bakin.

A nan muka ɗauki darasin farko. Wata dattijuwa ta mirgino mana randa, muka ga gefe guda ja wur, ɗaya gefen kuwa da baƙin tabo kamar faɗin faifai. Ta bakin yaron motarmu muka tambaye ta, "Iya, wannan fenti ne?" Ta yi dariya, ta ce ba wanda ya shafa kome, yumɓu ɗaya ne, wuta ɗaya ce. Inda iska ta samu shiga wurin toyi, nan ya yi ja. Inda itace ya danne, hayaƙi ya turnuƙe, nan ya yi baƙi. Abin da ta faɗa shi ne asalin sana'ar duka: ƙarfen da ke cikin yumɓu in ya ƙoshi da iska ja ya ke zama, in an hana shi iska sai ya yi duhu, ga kuma hayaƙin da ke shiga jikin tukunyar ya ƙara mata baƙi.

Nan Cardew ya dawo da aka rufe Alajo. Daga 1945 zuwa 1948 ya zauna a Bume da kuɗin aljihunsa, shi da Kofi Athey, suka gina matoya mai rufi irin wadda ke riƙe zafi mai tsanani. Ya sha asara a toyi da dama, ciwo kuma ya sa shi gaba, har ya koma Ingila a 1948. Tukwanen da suka tsira ba su da yawa, amma masana wannan sana'a suna lissafta su cikin mafi kyaun abin da ya yi a rayuwarsa. Ruwan ƙyallinsu mai duhu ne, bisansa kuma an ja zane da tsatsa, ya fito ja-ja kamar garwashi cikin dare. Akwai wani zanen fure da ya fara a nan, wanda har yanzu da sunan Bume a ke kiransa.

Matan Bume dai ba su bar tasu hanya ba, kuma suna da hujja. Randarsu tana tsattsafo, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Tukunyarsu tana zama bisa murhu ba ta fashe ba. Tangaran mai ƙyalli kuwa ruwa ba ya ratsa shi, don haka ba ya sanyaya ruwa, in an ɗora shi kan harshen wuta kuma sai ya tsage. Kowane da ranarsa. Shi kansa Cardew ya yarda da haka, ya kan yabi tukwanen matan ƙasashen nan ƙwarai.

ZANGO NA UKU: SULEJA

Muka haye Bolta, muka wuce Aflao da Lome da Kwatano, muka kwana Ikko. Kashegari muka nufi Arewa, muka bi ta Lokoja inda Kwara da Binuwai suka haɗu, sa'an nan Abaji, sa'an nan wani gari mai suna Kwali, shi ma ku riƙe sunansa. Bayan Gwagwalada da Zuba sai ga Dutsen Zuma tsaye a gefen hanya, wanda hotonsa ke jikin naira 100. Daga nan Suleja ba nisa.

Wannan gari shi ne Abuja ta asali. Sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka kafa shi bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, a 1828 Abu Ja ya gina shi, sunansa kuma ya bi garin. Da aka ƙudurta gina sabon babban birnin Nijeriya a 1976, sai birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuwa aka sa masa Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979.

A 1950 Gwamnatin Nijeriya ta ɗauki Cardew aikin duba sana'ar tukwane. Ya zaga ƙasa, ya zaɓi Abuja saboda itace da ruwa da yumɓu, ga kuma Sarki mai son abin, wanda gidansa ke cike da tukwanen matan Gwari. A 1952 aka buɗe makarantar koyon ginin tangaran. Kofi Athey ya biyo shi daga Gana, ya zama ɗaya daga manyan ma'aikatan wurin. A 1954 mace ta farko ta shiga, ita ce Ladi, 'yar garin Kwali da muka wuce.

Ladi Kwali ta zo da gwanintarta tun daga gida. Ta kan gina babban tulu da hannu, ta zana masa ƙadangare da kada da kunama da kifi da tsuntsu. A Abuja sai aka ba ta yumɓu mai jure babbar wuta, ana cika zanen da farin yumɓu, a rufe da ruwan ƙyalli mai ɗan ƙarfe kaɗan. In ya fito, zanen ya yi haske kore-kore, jikin tulun kuwa ya yi duhu saboda ƙarfen da ke cikinsa. Ta kuma koyi keken juyi, ta kan tsoma kwano cikin jan yumɓu ko fari ta kankare zane da ƙayar beguwa. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zaga Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Wanda ya riƙe naira 20 ya juya bayanta, ita ce zaune tana gini. Cardew ya bar Abuja a 1965, ya rubuta abin da ya koya a ƙasashen nan cikin littafinsa Pioneer Pottery na 1969, ya rasu a 1983.

Abin da ya bambanta Abuja da Alajo a ganinmu shi ne, a nan ilmin ya samu masu riƙo. Sarki ya tsaya masa, mata masu sana'ar gado suka shiga, waɗanda suka koya suka koyar, har waɗansu suka buɗe nasu wuraren.

YADDA A KE ZANEN

Mai masaukinmu ya kai mu wani ɗan gidan aiki a bayan gari, na wani dattijo wanda malaminsa a tsohuwar makarantar nan ya koya. Muka yi sa'a suna shirin toyi. Bayan gaisuwa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai kun zo ran da ya kamata, tun ran gini tun ran zane."

Ya fara nuna mana tawadarsa. Jan gari ne, akwai na buhu da a ke saye, akwai kuma wanda ya ke samu daga marmara ko ɓamɓaroki na gindin uwar maƙera. Sai a daka, a wanke, a tace, a niƙa bisa dutse har in ka murza tsakanin yatsu ba ka jin tsakuwa. Sa'an nan a ƙara ɗan yumɓu da ɗan ruwan ƙyalli don ya kama jiki kada ya kakkaɓe. Kaurinsa ya fi na shayi, bai kai na koko ba. Ƙarfe yana da nauyi, yana kwantawa a gindin kwano, don haka kowace tsomawa sai an motsa.

Tukwanen an riga an toya su sau ɗaya a wuta mai zafin digiri 900 zuwa 1,000, sun yi ƙarfin da za a riƙe su amma suna shan ruwa. Daga nan hanya uku ce.

Ta farko, a yi zane a jikin tukunyar, a bari ya bushe, kana a tsoma ta cikin ruwan ƙyalli mai haske. Zanen yana ƙarƙashi, layinsa ya kan fito sosai. Haɗarinsa shi ne in tsatsar ta yi kauri ta zama ƙura, ruwan ƙyallin ba zai kama wurin ba, a cikin wuta sai ya tsuke ya bar fili kamar ƙora a kan yaro.

Ta biyu, a fara tsoma tukunyar, a jira danshin ya ɓace, sa'an nan a yi zanen bisa ruwan ƙyallin tun yana ɗanye. Wannan ita ce mai wuya. Fuskar tana nan kamar busasshen bango, da buroshi ya taɓa ta sai ta tsotse ruwan. Ba tsayawa a tsakiyar layi, ba komawa baya. Dattijon ya ɗora kwano bisa faifan juyi, ya tura shi da hannun hagu, ya ɗora bakin buroshi, kwanon ya ja wa kansa zobe. Sa'an nan ya yi ganye uku, kowane da ja ɗaya, ya danna a farko ya ɗaga a ƙarshe. Muka ce, "Maigida, in hannu ya goce fa?" Ya ce, "Malam, ku in yaro ya ɓata allo sai ya wanke. Mu nan sai dai a wanke kwanon duka, a shanya, a sake tsomawa. In kuwa ya shiga wuta, shi ke nan, jikokinka ma za su ga inda ka goce."

Ta uku, a lulluɓe tukunyar da yumɓu mai ƙarfe ko fari, a kankare zane har a iske jikin da ke ƙasa, irin yadda Ladi ke yi. Ƙanwar wannan hanya ita ce a tsoma faranti cikin baƙin ruwan ƙyalli, tun bai tsotse ba a ja yatsu biyu ko uku a kai. Wannan ba ta jiran shawara, kafin ka ƙirga biyar lokacinta ya wuce.

Akwai kuma awo. Ƙarfen da a ke zubawa cikin ruwan ƙyallin kansa, in kashi 1 ko 2 ne cikin 100, a wuta mai hayaƙi sai ya ba da kore mai haske kamar ruwan tafki, a wuta mai iska kuwa ya ba da ruwan zuma. In ya kai kashi 8 zuwa 10 sai ya ba da baƙi mai sheƙi, wanda ke komawa ja-ja a baki da gefe inda ya yi siriri. In ya wuce haka sai fuskar duka ta yi ja mai duhu kamar goron da ya kwana a tsage. Shi ya sa in an ja layin tsatsa bisa baƙin ruwan ƙyalli layin ke fitowa ja, gama a wurin ƙarfen ya ninka. Sirrin tukwanen Bume ke nan.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, kafin toyi duk kayan kamarsu ɗaya. Wanda zai zama kore da wanda zai zama baƙi da wanda zai zama ja, duk launin jar ƙasa ne, wani ya fi wani duhu kaɗan. Mai zane ba ya ganin abin da ya ke yi, da abin da ya sani ya ke aiki. Don haka dattijon yana da tsohon littafi inda ya ke rubuta awon kowane haɗi, da kwando cike da tsingaro na gwaji, kowane da lamba a bayansa.

WUTA

Aka goge gindin kowace tukunya tas don kada ta manne, aka jera su cikin matoya, aka toshe ƙofa da bulo da laka. Da asuba aka kunna wuta, ƙarama, don danshi ya fita a hankali. Sai da rana ta yi tsaka aka fara ƙara itace. Da zafin ya kai wajen digiri 1,000 sai dattijon ya rage bakin bututun hayaƙi, ya sa aka cika itace. Baƙin hayaƙi ya tashi, harshen wuta ya riƙa leƙowa ta kowace kafa. Ya ce yanzu wuta na jin yunwar iska, tun da ba ta samu a waje ba sai ta ƙwace wadda ke jikin tsatsa. Abin da dattijuwar Bume ta nuna mana a gefen randa, shi ne nan a ke yi da gangan.

Aka kwana ana zuba itace, samari suna karɓeɓeniya. A ciki akwai waɗansu 'yan tsinkayen yumɓu da a ke leƙe ta kafa, kowane da zafin da ya ke lanƙwasawa. Da na digiri 1,280 ya sunkuya, sai aka zaro wani ɗan zobe na gwaji da sandar ƙarfe, aka jefa cikin ruwa, aka ga ruwan ƙyallinsa ya narke sumul. Aka toshe ko'ina, aka bar matoya ta huce kwana biyu. Gaggawa a nan asara ce, iska mai sanyi in ta bugi kaya da zafinsu sai su tsattsage. A lokacin hucewan nan ne kuma fuskar ƙarfe ke sake shan 'yar iska, inda ya yi yawa ya koma ja.

Ran buɗewa ba mai yawan magana. Aka fara fito da kwanuka, ganyen nan uku sun nutse cikin ƙyalli, tsakiyarsu baƙi, gefensu ruwan ƙasa. Ga butoci baƙaƙe wuluk masu jan baki. Ga kuma na asara. Wata buta wadda ɗan koyo ya cika wa tsatsa, zanen ya narke ya zubo har gindi ya manne da bulo, gama ƙarfe in an hana shi iska yana ƙara wa ruwan ƙyalli saurin narkewa. Wani kwano kuma an tsinka tawadar da yawa, zanen ya ɓace sai inuwa. Dattijon ya ajiye su biyun gaban yaron, bai ce masa kome ba, ya ci gaba da fito da kaya.

ABIN DA MUKA ƊAUKO MUKU

Ga 'yan kasuwa, abokan tafiyarmu sun ce mu isar muku da alamu. Ku ƙwanƙwasa kwano da farce, wanda ya sha babbar wuta yana ƙara kamar ƙararrawa, wanda bai sha ba sai ya yi ƙwas. Ku ɗiga ruwa a gindinsa inda ba ƙyalli, in ya tsotse nan da nan ƙaramar wuta ya sha. Ku jera biyu masu zane ɗaya, in sun yi daidai kamar kwabo da kwabo bugun inji ne, aikin hannu kuwa za ku ga inda buroshi ya sauka da inda ya tashi.

Wannan ba maganar ado kaɗai ba ce. Ita tsatsa ba ta cutarwa a kwanon abinci. Amma akwai ruwan ƙyalli da a ke haɗawa da dalma don ya narke a ƙaramar wuta, abinci mai tsami kuwa kamar koko da tsamiya da lemun tsami yana iya jawo dalmar, ita kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ruwan ƙyallin babbar wuta irin na Abuja da dutse da toka da yumɓu a ke yinsa, ba ya bukatar dalma. Saboda haka kwano mai ƙyalli wanda ba ya ƙara, ba a kuma san inda ya fito ba, kada a sayar wa uwar 'ya'ya shi don abinci.

Ga dattawa kuwa, ga roƙonmu. A kowace makarantar allo ta zongo akwai yaro ɗaya ko biyu waɗanda in an zo zayyanar allon sauka su a ke nema, hannunsu ba ya rawa, sun san yadda a ke tsoma alƙalami sau ɗaya a gama harafi. Hannun nan shi ne dattijon Suleja ya ce ya fi wuyar samu. Da yawansu in sun girma sai tashar mota ko dako. Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi tana koyar da aikin tangaran, a ƙasar Abuja kuma akwai masu sana'ar da ke jin Hausa. Jar ƙasa ba a sayenta, toka kullum zubar da ita a ke yi. Abin da a ke bukata shi ne malami da haƙurin shekaru, da wanda zai ɗauki nauyin yaro har ya iya. Ilmin nan ya taɓa sauka tsakaninmu da shi tafiyar ƙafa, ya tashi a 1945. In ƙungiya ta ga dama ta sa maganar cikin taronta mai zuwa, a fara da yaro biyu.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba yaranmu sana'ar da za su riƙe kansu da iyayensu, amin. Haza wassalam.